Na Ɗaya a Hanyar Sakajiki

Asabar, 5 ga Yuli, bayan Azahar

Littafin nan na shawarwari ne, ba na kuka ba. A ciki nake tsara abin da zan tura wa masu manhajar Kewaye kafin sabis ya zo, don a Kaura yanzu sai ka hau katanga kake samun sanda ɗaya.

Shawarar yau: a bar mutum ya hau kekensa ko babu data, in sabis ya dawo a ɗora masa aikinsa. Jiya na yi zufa har ta ɗiga a siminti, manhaja ta ce ba ta gan ni ba.

Tun da hanyar Sakajiki ta daina biyuwa saboda 'yan bindiga, mu 'yan Mahayan Kaura muka koma hawa a ɗaka. Ka ɗaure waya a kan keken motsa jiki, ka ɗaura ɗamarar bugun zuciya a ƙirji, ka yi ta taka feda, wani ɗan mutum a fuskar wayar ya yi ta gudu da sunanka a kansa. Ƙanena Jabir ne ya ɗaukar wa masu manhajar taswirar hanyar tun ana iya bin ta, suka saka. Shi ne na ɗaya a kanta, ni na biyu. Ni na koya masa keke, tabon yana nan a gwiwata.

Bai dawo daga kasuwar Shinkafi ba tun ranar Alhamis. Kawu Maccido ya ce kowa ya kama bakinsa. Na kama nawa.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi

An gaya wa Inna wai Jabir ya tafi Kaduna kwas ɗin sola, tafiyar gaggawa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye likita ya ce kada a kawo mata labarin da ya fi ƙarfin zuciyarta. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya, don haka ƙaryar ba ta sha wuya ba.

Ta daɗe tana kallon Kawu, sannan ta ce, "In lahiyatai ƙalau, sai ya hau keke. Yaron ga ko ran Salla ba ya hwashi. A nuna man shi cikin waya awa yadda anka saba."

Kawu ya ce ai a Kaduna irin kekunan nan kamar ƙasa. Ya fito yana share goshi. Dattijo da gemunsa ya haƙa rami, yanzu yana neman wanda zai shigar masa.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan Asuba

An samu mai shiga. Saudat ce, matar Jabir. Tsohuwar wayarsa na nan ɗaure a kan kekensa da sunansa a ciki. Matar da ba ta taɓa ɗora ƙafa a feda ba ta tattare zani ta hau, ta shimfiɗa katifar 'yarsu Hamida a ƙarƙashi don kada ƙara ya kai ɗakin Inna.

Ni aka ɗora wa riƙon waya. Na durƙusa gaban gadon Inna, na buɗe tawa, ga ɗan mutum mai jar riga yana tafiya. A gefe akwai hoton ido da ke nuna yawan masu kallon mahayi. Ya nuna ɗaya. Inna ta sa yatsan hannunta mai lafiya ta shafa jar rigar.

"Ɗana ya gaji yau," ta ce. "Ba su ba shi abinci can?"

Tafiyar hawainiya yake yi, da ƙyar na danne dariya. Nawa ɗan mutumin mai koriyar riga yana nan ƙasa da nasa a jerin. Yatsan bai sauko ba.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wancan", in tana cikin raha "Babba". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yabona a gaban mutane, kakata ce ma ta raine ni. Na sani, kunya ce, haka aka taras, kowace uwa a unguwar nan haka take da ɗan farinta. An ce wanda ake jin kunya shi ya fi zama a rai. To, a ci gaba da ajiye ni a ran. Jabir dai a baki aka ajiye shi, safe da yamma.

Akwai wata shawara tawa da ta daɗe a allon shawarwarin manhaja. Na sa mata suna "Tantance mahayi". Bayan azumi na rubuta ta, ranar da Jabir ya ƙwace min na ɗaya. Abin da na ce shi ne, bugun zuciyar kowa da yadda yake juya ƙafa daban ne, don haka manhaja ta riƙa gane in wani ya hau da sunan wani, ta dakatar da shi. Ba wanda ya kula ta a lokacin. Yau na kakkaɓe mata ƙura na tura wa zaurukan mahayan Legas da Abuja su jefa mata ƙuri'a.

Gaskiya gaskiya ce ko da gida na ci da wuta.

Alhamis, 10 ga Yuli, kafin La'asar

Wayar Kawu ta yi ƙara, ya zagaya bayan rumbu. Da ya dawo ya ƙara tsufa.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Saudat ta tare ni a bakin zaure, inda nawa keken yake. Ta rusuna, idonta a ƙasa.

"Yaya, don Allah ka hau mai ko sau guda. Inna ta hwara tambaya mi yas sa ba ya gudu. Ƙahwahuna ba su kai nashi."

"In hau, in yi zuhwa, a rubuta ma wani?"

"Ba wani ba ne, Yaya. Ƙanenka na."

Na ce mata ta sauke sirdin, ya yi mata tsawo, shi ya sa cinyarta ke ɗaurewa. Kuma ta daina taka feda da dunduniya. Wannan ilimi ne da na yi shekaru ina tarawa, na ba ta kyauta, ko godiya ba ta yi ba. Ta juya tana ɗingishi. Matan yanzu ba su san alheri ba sai an haɗa musu da ɗaukar kaya.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Shawarwari biyu. A sa muryar Hausa, don ba kowa ke jin abin da Baturiyar nan ke faɗa ta hanci ba. A kuma sa maɓallin tsayawa salla, kada mutum ya dawo daga sahu ya tarar an rubuta masa kasala.

An yi ruwa da safe, manoma sun fita iya inda ake iya fita. Inna ta sha kunu sosai bayan ta ga jar riga.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Azahar

Kamilu, shugaban ƙungiyarmu, ya zo shago. Ya zauna a kan kwalin batir yana ta kame-kame. Duk 'yan ƙungiya sun san wa ke hawa da sunan Jabir, garin nan ba a ɓoye tari. Ashe har sun haɗa baki suna rage gudu da safe, wai don kada jar riga ta zama ta ƙarshe a idon Inna. Manyan maza suna bin mace a baya.

"Sirajo, shawarar nan taka ta hau sama," ya ce. "Ka janye ta har a ga abin da Allah zai yi."

"Ba ni kaɗai ba ne yanzu. Mutanen Legas sun zuba mata ƙuri'a."

"Kai ka rubuta, kai ka iya gogewa. In sunka ɗauke ta, ka san abin da za ya hwaru cikin gidanku."

Na tambaye shi ko ya zo sayen wani abu ne. Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce Allah ya shirye ni, na ce amin, da ni da shi. Shekara nawa ina kawo shawara a ƙungiyar nan ana cewa bari mu ji ta bakin Jabir. Yau da baƙi suka ga darajar maganata, shi ne za a ce in haɗiye.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Saudat ta koyi shiga lungunan manhaja, abin da ban so ba. Ta kawo min abinci zaure, ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Yaya, na ga tarihin hawa. Ashe ran Alhamis ɗin nan ka hau da sahe. Ranar ma kaf fi gudu duk watan."

"To?"

"Baban Hamida ya ce man ƙahwarka ka ciwo, shi yas sa yak karɓi kai kayan Shinkahi."

Na ce ciwo yana zuwa yana tafiya. Ta kalli ƙafar, ta daɗe tana kallo, ta fita.

Ban ce wa kowa ya tafi ba. Cewa na yi ƙafata na ciwo. Ranar akwai tseren wata, kowa ya sani, kuma hanya ba ni na shimfiɗa ta ba. Miyar ma gishiri ya yi yawa.

Shawara: a bar mutum ya rufe tarihinsa daga idon masu sa ido.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Ba a kira ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan La'asar

An kira, an yanke kuɗin fansa. Shanun Kawu sun bar garke, gonar fadama ta koma hannun wani, akwatunan auren Saudat sun fita a amalanke da rana tsaka an lulluɓe su da buhu. Na ba da batura da faifan sola daga shago, kada a ce ban yi komai ba. Rabin shagon ma ai na Jabir ne.

Sai Kawu ya tsaya a zaure yana kallon kekena. Ya ce wani ɗan kasuwa a Gusau yana son irinsa.

Na ce, "Kawu, akwai wani a ciki da mai shi ba ya nan. A hwara da shi."

Ya san in aka ɗauke wancan, jar riga ta tsaya. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Uwa guda ta haihe ku kuwa?" Na ce ya shiga ya tambaye ta, in za ta yarda ta faɗi sunana.

Keke yana nan.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Alhamdu lillahi. Saƙo daga masu Kewaye, da sunana a sama. Sun karɓi shawarwarina biyu, muryar Hausa da tantance mahayi, za su fito a sabon zubin manhajar na ƙarshen mako. Sun ce irina ne ginshiƙin manhajar. Na karanta har na haddace. Na rasa wanda zan nuna wa a gidan nan, kowa fuska kamar an aiko masa da sammaci.

Akwai wani ɗan maɓalli a cikin waya. Muddin ba a danna shi ba, tsohon zubi zai ci gaba da aiki har wata da watanni. Ba wanda ya tambaye ni.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Asuba

Yarinyar nan Saudat ta fara iyawa. Yau ta haye tudun bayan gada ba ta tsaya ba. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, ta rame kamar kara, amma tana takawa. Duk abin da ta taka Jabir ake rubuta wa. Mutum ba ya nan, tafiyarsa na ƙaruwa.

Inna ta ce, "Ka gani, ya hwara samun ƙarhi. Kai, riƙe wayar da kyau."

Gwiwata ta yi kanta a gaban gadon nan. Ni ke caji, ni ke sayen data, ni ke durƙuso. Sunana a duk aikin shi ne "kai".

Alhamis, 24 ga Yuli, da Magariba

Kawu ya tafi wajen Zurmi da babura biyu da buhuna. Ya dawo a motar haya shi kaɗai. Saudat ta leƙa bayansa, ta sake leƙawa, kamar mutum zai ɓuya a bayan tsoho. Ya ce a ci gaba da addu'a.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Azahar

Saudat ta kwance tsohuwar wayar daga kan keke ta kawo min da hannu biyu. Tun ranar maganar ƙafa ba ta yi min magana ba, amma yau dole ta kawo ta.

"Yaya, wani abu ya hito, ya rufe komi. Akwai kore akwai hwari. Wanne zan danna? Ina tsoron in ɓata ma Inna."

Fari na nufin a bari sai wani lokaci. Kore na nufin a karɓi sabon zubi.

Na ce ta danna kore.

Har da godiya yau. Na hau da yamma, ƙafata sakayau.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, don na san za a ƙara gishiri.

Na durƙusa kamar kullum, na ƙure ƙarar waya don Inna ta ji sabuwar murya. Mace ce mai taushin harshe. Ta yi sallama, ta ce, "Jabir ya kama hanyar Sakajiki." Inna ta yi murmushi da ɓarin bakinta mai motsi, ta ce ashe abin ya iya magana, har ya san ɗanta. Na so in ce mata ni na sa aka yi, na fasa.

Jar riga ta wuce gada, ta kama tudu. Sai ta koma ruwan toka, ɗan mutumin ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Muryar ta ce, "An dakatar da Jabir. Wanda ke kan keken nan ba shi ba ne." Ta maimaita, a natse, yadda ko kurma zai ji. Daga nan ya ɓace, jerin ya matsa sama, koriyar riga ta hau kan gaba.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Daidai yadda na tsara.

"Ina yat tahi?" in ji Inna.

Na ce, "Inna, duba sama. Wa kinka gani na ɗaya?"

Ba ta duba ba, don Saudat ta faɗo ɗakin, ɗamarar ƙirji a kan rigarta, zufa har haɓa, waya a hannu. Inna ta kalli ɗamarar. Ta kalli ƙafafun. Tsohuwa ce, ba yarinya ba.

"Tun yaushe, ɗiyata?"

"Tun tahiyatai, Inna."

"Ina ɗana?"

Kaza na ta ƙyarƙyara a tsakar gida.

Sai Saudat ta share fuska ta ce, "Akwai rubutu ƙasa, Inna. In karanta miki?" Na ce babu buƙata. Ko kallona ba ta yi ba. Ta karanta da ƙarfi, dab da kunnen Inna: "Muna godiya ga Sirajo Kaura, wanda ya kawo wannan shawara ya kuma tsaya a kanta har ta tabbata." Ta ƙara da nata, cewa ni na ce ta danna kore.

Inna ta juyo da kanta a kan matashi. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina cikin zanen goyo.

"Sirajo," ta ce.

Ashe ta iya faɗinsa. Daidai ta faɗe shi, ba gargada, duk da bakin ya karkace. Na daɗe ina tunanin yadda zai fito daga bakinta, a raina na ɗauka ranar zan yi kuka.

"Sirajo, tashi ka hita."

Na fita. Ko wayar ban manta ba.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Asuba

Babu ƙarar keke daga ciki. Na tashi zan je durƙuso, sai a tsakar gida na tuna.

Talata, 29 ga Yuli, da rana

Inna ta sa an mayar da gadonta ɗakin Saudat. Ba ta cin komai sai ruwa, hannun mai lafiyar ma ya fara nauyi. Amma sunana ya zama ruwan sha a bakinta. Ina ji ta taga: "A kai ma Sirajo tuwonai zaure." "A ce ma Sirajo ya rage ƙarar abin nan." Yadda take kiran ɗan maƙwabta in ya zo ɗiban wuta.

Wata tsohuwa da ta zo dubiya ta ce, "Ladidi, ɗan hwari kike kira haka gatsau?" Inna ta ce kunya ai ta ɗa ce.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Kawu ya dawo daga Gurbin Bore da agogon hannun Jabir a aljihu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An matsar min da keke daga zaure zuwa ɗakin buhuna ba a tambaye ni ba, har an karce masa fenti.

Mutane na ta kama hannuna. Kamilu da sauran sun zo, sun gaisa da Kawu, sun tsallake ni.

Shawara: in an matsar da keke, manhaja ta daidaita kanta, kada sai mutum ya sake saiti daga farko.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan Asuba

Na hau a ɗakin buhuna, ƙofa a rufe saboda masu zaman tabarma. Hanyar Sakajiki fayau, 'yan ƙungiya duk sun koma wata hanya. Na wuce gada, na haye tudu, na yi gudun da ban taɓa yi ba. Muryar ta ce, "Barka, Sirajo, kai ne na ɗaya." Daɗin harshe gare ta, amma na kashe ta, sunan ya ishe ni haka nan.

Sabis ya zo, bari in tura ta yau kafin ya ɗauke.

Shawara: hoton idon nan na gefe, mai nuna yawan masu kallo, a cire shi. Ba ya ƙara wa mahayi komai, kuma tun da na hau har na sauka ba abin da yake nunawa sai sifili.